ƊAN ZOBEN DA KE CIKIN GIDAN SAURONKA, DA YADDA AKE KOYA WA BAKTERIYA ƘERA SHI

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

 Labarin da na zo muku da shi yau daga Abuja na ilmin kimiyya ne, amma kada wannan ya sa mai karatu ya ninke jarida ya ajiye, domin maganar ta shafi gidan sauron da ya rataya wa 'ya'yansa, da ƙwayar maganin da ya sayo a kemis, har ma da kwandon tumatirin da ya ruɓe masa a hanya kafin mota ta isa kasuwar Mile 12.

Ga abin da ya jawo maganar. A daminar da ta wuce ɗiyata ƙarama ta kwanta zazzaɓi har sau biyu, alhali kuwa kullum a cikin gidan sauro mai magani take kwana. Wata asuba na haska tocila, sai ga sauro uku a laɓe jikin gidan, cikinsu ja wur da jini, ko alamar jiri babu a tare da su. Da na je kemis kuma, kuɗin da aka ce in biya ya sa na tsaya ina ƙirga abin da ya rage a aljihuna. Tun daga ranar na shiga neman sanin wane irin magani ne a jikin zaren nan, wa ke yin sa, kuma me ya sa sauro ya fara raina shi. Binciken nan shi ya kai ni ga wani ɗan zobe wanda ido ba ya gani.

WANE ZOBE KE NAN?

Masana sun ce kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, waɗanda Turawa ke kira atam. Cikin waɗannan akwai kabon, watau sinadarin gawayi, wanda shi ne ƙashin bayan itace da mai da nama da yawancin magunguna. Kowace ƙwayar kabon tana da hannu huɗu da take kama 'yan'uwanta da su, kuma in an bar ta ta sake, tsakanin hannu da hannu akwai faɗin digiri 109 da rabi. Idan ƙwayoyi shida suka kama hannun juna suka yi da'ira, kowacce tana zaune daram babu takura.

To, amma idan uku ne kawai suka yi zoben, sai ya zama mai kusurwa uku kamar duwatsun murhu, kowace kusurwa digiri 60. Ka ga ke nan an lanƙwasa hannuwan fiye da yadda suke so. Misalinsa kamar bakan maharbi ne da aka ɗame: ga shi shiru, amma cike yake da ƙarfi, da zarar an saki tsirkiya sai kibiya ta tashi. Wani masani mai suna August Freund shi ya fara haɗa wannan zobe a 1881, sunansa saikulofurofen, sa'an nan Bajamushe Adolf von Baeyer ya bayyana dalilin takurarsa a 1885. Daga shekarun 1930 likitocin Turai da Amurka sun yi ta amfani da iskarsa wajen sumar da marar lafiya kafin tiyata, amma daga baya suka bari, domin ƙyastu ɗaya na wuta kan sa ya fashe a ɗakin aiki.

Abu biyu ne suka sa masu haɗa magani ke son irin wannan zobe. Na farko, ba ya lanƙwasuwa, saboda haka yakan riƙe siffar magani ta zauna cif a gurbin da ake so cikin jiki, kamar makulli a kwaɗo. Na biyu, ƙarfin da ke ɗaure cikinsa ana iya sakinsa a gina wani abu mai wuyar samuwa.

YANA CIKIN GIDANKA

A tuddan Kenya ana noma wani farin fure mai suna fairetiram, wanda garinsa ke kashe ƙwari. A 1924 Hermann Staudinger da Leopold Ruzicka suka buga bincikensu a kan dafin furen, inda aka ga zoben nan mai kusurwa uku a cikinsa. Aibin dafin furen shi ne rana na kashe shi da wuri. Sai wani Bature, Michael Elliott, da abokan aikinsa a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila suka kwaikwaye shi, suka fito da fametirin a 1973 da deltametirin a 1974, waɗanda ke jure rana. Dangin waɗannan ne ake sa wa gidan sauro, kuma 'yan'uwansu ne ke cikin maganin sauro na kunnawa da na fesawa da yawa.

A nan Abuja ne kuwa, ran 25 ga Afrilu na shekarar 2000, shugabannin Afirka suka taru suka yi alkawarin cewa kafin 2005 kashi 60 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki za su riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani. Daga wannan taro aka samo ranar zazzaɓin cizon sauro da ake yi kowace shekara. Watau dai alkawarin da aka yi a Abuja, a wuyan wannan ɗan zobe ya rataya.

Ba a nan kaɗai yake ba. Yana cikin ƙwayar sifirofulokzasin da ake ba masu taifod, wadda mutane ke kira sifiro. Yana cikin efabirenz, wanda aka daɗe ana ba masu ƙanjamau kafin a koma ga wani sabo. Haka nan man 'ya'yan kuka da man angurya suna ɗauke da wani nau'insa.

Masu sana'ar gwari kuma ga taku. Tumatir da ayaba da mangwaro suna nuna ne saboda wata iska mai suna etilin da su da kansu ke fitarwa. A 1979 Douglas Adams da Shang Fa Yang na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ɗan itace yakan fara ƙera zobe mai kusurwa uku ne a cikinsa, sa'an nan ya ɓalle shi iskar ta fito. Shi ya sa tumatir ɗaya da ya nuna kan ja sauran kwandon, musamman cikin zafin babbar mota da ta taso daga Kadawa ko Ɗanja ta kwana biyu ko uku a hanya. Kabayid ɗin da wasu ke sa wa ayaba a kasuwanni, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa, wata iska yake fitarwa mai kwaikwayon etilin. Daga baya Edward Sisler da Sylvia Blankenship na Jami'ar Jihar North Carolina suka samo wani zoben da ya fi wancan takura, 1-MCP, wanda ke toshe gurbin da etilin ke shiga, sai ɗan itace ya yi jinkirin nuna. Tun 2002 ake amfani da shi a rumbunan tuffa na Amurka. Zobe ke nunar da kaya, zobe kuma ke hana shi ruɓewa da wuri.

WAHALAR ƘERA SHI

Tunda ƙwayoyin kabon ba sa son zama a takure, tilasta musu ake yi. Masana'antu kan yi amfani da ruwan sinadari mai guba da kuma ƙarafa irin su tagulla ko rodiyam. Shi rodiyam yawancinsa a Afirka ta Kudu ake haƙo shi, kuma a 2021 farashinsa ya ninka na zinariya fiye da sau goma.

Akwai kuma wata matsala. Yawancin waɗannan sinadarai suna da na dama da na hagu, kamar takalmi. Deltametirin, alal misali, ana iya samunsa a siffa takwas, amma ɗaya tak ake so. In maƙeri ya tashi yin takalmin dama ya riƙa fito da rabi na hagu, ka ga rabin kayansa da wahalarsa sun tafi bola. Wannan asara tana cikin abin da mai saye ke biya.

Ita kuwa shuka ba ta da rodiyam, ba ta da tukunyar ƙarfe. Furen Kenya cikin ruwan jikinsa da zafin rana kawai yake ƙera zobensa, kuma kullum siffar da ta dace yake fitarwa. Masu yi masa wannan aiki su ne inzayim.

MAƘERAN DA BA A GANI

Inzayim wani nau'in furotin ne mai gaggauta aiki cikin jikin mai rai, kowane da aikin da ya ƙware a kai. Mun daɗe muna aiki da su ba mu san sunansu ba. In ka daɗe kana tauna gurasa ka ji ta fara zaƙi, inzayim ɗin miyau ne. Bafillatanar da ke zuba ruwan tumfafiya cikin madara ta daskare ta zama wara, inzayim ta sa aiki. Haka mai naɗe nama da ganyen gwanda don ya yi laushi. Uwa uba daddawa: in an dafa kalwa an rufe ta kwana biyu ko uku, wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis ce ke sakin inzayim ɗinta ya narka furotin ɗin kalwar, har wannan ƙamshi da kowa ya sani ya fito.

Mai karatu ya riƙe sunan bakteriyar nan, domin da inzayim ɗinta wata Ba'amurkiya, Frances Arnold, ta fara aikin da ya kai ta ga lambar Nobel. An haife ta a Pittsburgh a 1956, injiniya ta karanta da farko, ta kama aiki a Caltech da ke Kalifoniya a 1986. Da fari ta yi ƙoƙarin gyara inzayim da lissafi, ta ga abin ya fi ƙarfin tunani, domin kowane inzayim sarƙa ce mai ɗaruruwan ƙulli. Sai ta koma ga dabarar manomi. Manomin gero bai san abin da ke cikin ƙwaya ba, amma ya san zangarniyar da ta fi kyau, ita yake ajiyewa iri, baɗi ma ya sake zaɓe.

Ga yadda ake yi. Kowane inzayim akwai rubutaccen umurnin gina shi a cikin ƙwayar gado, watau DNA. Sai a kwafi umurnin sau dubbai, da gangan ana barin ƙananan kurakurai. A sa kowane kwafi cikin bakteriya, ta ƙera inzayim ɗin. A gwada su duka, a ɗauki wanda ya fi iya aikin da ake so, shi ma a sake kwafarsa da kurakurai. A 1993 Arnold da Keqin Chen suka ba da rahoton cewa bayan zagaye uku, inzayim ɗin bakteriyar daddawa, mai suna sabtilisin, ya ninka aikinsa sau 256 cikin wani ruwan sinadari da a da ke kashe masa ƙarfi. Babu abin da suka halitta daga babu. Abin da Allah ya riga ya halitta suka yi wa kiwo da zaɓe, kamar yadda makiyayi ke yi wa garkensa.

DAGA ZOBE ƊAYA ZUWA BIYU

Bayan haka sai suka yi tambaya mai nauyi: shin ana iya koya wa inzayim aikin da bai taɓa yi ba? Suka ɗauko wani mai suna P450 daga wata bakteriyar ƙasa, Bacillus megaterium. Shi wannan yana da ƙwayar ƙarfe guda a tsakiyarsa, irin wadda ke sa jinin mutum ja, kuma aikinsa na asali shi ne liƙa iskar oksijin a jikin mai. A 2013 Pedro Coelho da Arnold da abokansu suka nuna a mujallar Science cewa in an miƙa masa wani sinadari dabam, ƙarfen nan yakan kama ƙwayar kabon guda ya dasa ta a kan wasu biyu, zobe mai kusurwa uku ya fito. Da suka sauya ƙulli ɗaya da ke riƙe da ƙarfen, sai aikin ya riƙa gudana sosai cikin bakteriya mai rai. A 2016 kuma suka hori wani furotin na bakteriyar daddawa ya ƙera zoben da ke cikin tikagirelo, maganin hana daskarewar jini da ake ba masu ciwon zuciya, kuma kusan dukansa siffar da ake so ya fitar.

A watan Afrilu na 2018 wani ɗalibinta, Kai Chen, da sauran abokan aiki suka kai abin inda ba a zata ba. Suka sa bakteriyar E. coli ta ƙera zobe biyu masu kusurwa uku manne da juna, gefe ɗaya suka haɗa, siffarsu kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Sunansa baisaikulobiyuten, kuma ƙarfin da ke ɗaure cikinsa ya ninka na zobe guda fiye da sau biyu. Inzayim ɗin kan dasa kabon na farko, sa'an nan ya ƙara na biyu a wuri guda, duk cikin ruwa, a zafin ɗaki. A watan Oktoba na shekarar aka ba Arnold rabin lambar Nobel ta ilmin sinadarai, George Smith da Gregory Winter suka raba ɗaya rabin. Ita ce mace ta biyar da ta sami wannan lamba.

Kada dai a yi gaggawa. Maganin gidan sauro da 1-MCP da sifiro, da tsohuwar hanyar masana'anta aka yi waɗanda ke kasuwa. Amma hanyar kiwon inzayim ta riga ta shiga masana'anta ta wata ƙofar. A 2010 kamfanonin Merck da Codexis suka maye gurbin rodiyam da inzayim wajen yin sitagiliftin, maganin ciwon sukari, amfanin ya ƙaru, sharar ta ragu.

SAURO MA YANA NASA KIWON

Yanzu mu koma ga sauron nan uku na ɗakina. Shi ma sauro yana da inzayim dangin P450 a jikinsa. Duk lokacin da aka fesa magani, ko a ɗaki ko a gonar shinkafa da auduga, raunana kan mutu, masu inzayim ɗin da ya iya narka dafin su tsira su hayayyafa. Zaɓen da Arnold ke yi a ɗakin bincike, shi muka shekara da shekaru muna yi wa sauro ba da saninmu ba. Masu bincike na Jami'ar Bayero ta Kano tare da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun tabbatar da wannan turjiya a sauron arewacin Nijeriya. Shi ya sa aka fito da gidan sauro mai ƙarin sinadarin PBO, wanda ke toshe inzayim ɗin sauron, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma ga mai magani iri biyu a wuraren da turjiya ta yi yawa. Duk mai sayen sabon gidan sauro ya duba takardar jikinsa, ya tambaya.

Ba ƙaramin abu ne ba. A ƙididdigar hukumar ta shekarar 2022, mutum 608,000 zazzaɓin cizon sauro ya kashe a duniya, kuma kashi 31 cikin 100 na mamatan 'yan Nijeriya ne. In sauro na sauya makami, dole masu haɗa magani su riƙa fito da sababbin siffofi da sauri kuma da araha, a nan ne wannan sabon ilmi ke da rana.

TO MU INA MUKA TSAYA?

Hukumomin lafiya sun sha faɗin cewa wajen kashi 70 cikin 100 na magungunanmu daga waje ake shigo da su, kuma kusan duk ainihin sinadarin da kamfanonin gida ke matsawa ya zama ƙwaya daga Indiya da Sin yake zuwa. Da Naira ta faɗi a 2023, kamfanin GSK kuma ya sanar da barin ƙasar a watan Agusta na shekarar, kowa ya ji a jikinsa. Mai kwana a tabarmar aro, ai ba ya miƙe ƙafa.

Ba wai ba mu da wuraren aikin ba ne. A Idu akwai cibiyar binciken magunguna ta NIPRD, wadda aka kafa a 1987. A Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali, akwai SHESTCO mai ɗakunan binciken sinadarai da ƙwayoyin halitta. A hanyar filin jirgin sama akwai hukumar bunƙasa fasahar ƙwayoyin halitta da aka kafa a 2001, sa'an nan a 2015 aka yi dokar kafa hukumar da ke sa ido don kada wannan fasaha ta cuci jama'a. Ita NIPRD ta taɓa fito da Niprisan, maganin sikila, daga tsirrai huɗu har da kanumfari da karan dafi. Aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi a 2002, aka ƙaddamar da maganin a 2006, amma kamfanin ya karye a 2008, masu sikila suka koma neman magani ido rufe. Darasin a fili yake: gano abu dabam, riƙe shi dabam.

Kiwon inzayim ba ya neman rodiyam. Abincin bakteriya sukari ne, mu kuwa ga rogo ga rake ga masara. Abin da yake nema shi ne wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, domin firjin da ya mutu dare ɗaya kan kashe aikin shekara. Da na'urorin awo masu aiki. Da kuɗin bincike da ke fitowa a kan lokaci. Da albashin da zai hana matasanmu masu ilmi tafiya Turai. Ya kamata Gwamnatin Tarayya ta zaɓi magani ɗaya ko biyu da talaka ya fi saye, ta haɗa Idu da Sheda da jami'o'in Zariya da Kano da Badun a kansu, ta kuma tsaya har a ga ƙarshe.

Ku kuma 'yan'uwa da ke Kurmi, wanda Allah ya hore wa, in ɗansa ko 'yarsa ta nuna son kimiyya, kada a cire ta daga makaranta a kai ta tsaron shago. Kakanninmu mata sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon bakteriya cikin ƙwaryar daddawa, wasu can suka ɗauki irin wannan bakteriya suka ci lambar duniya da ita. Abin da ya rage mana shi ne mu koyi karatun abin da muka gada.

Ɗiyata dai ta warke, alhamdu lillahi, na kuma sauya mata gidan sauro. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai kayan 'yan gwari kasuwa lafiya. Sai mun sake saduwa a wannan fili.